Bidiyon mai magani da na likita kan gwajin furostet: wanne za a kama?

Alhaji, ka ce bidiyo biyu aka turo maka. Ɗaya na minti guda a TikTok, wani mai magani yana cewa ba sai an sa wa mutum yatsa a asibiti ba, a sha garin maganinsa kawai furostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ya sace. Ɗayan kuma likita ne a YouTube yana dogon bayani da Turanci. Kana tambayar wanne za ka kama.

Mai maganin ya san kunya ce ke hana maza zuwa asibiti, da ita yake cin kasuwarsa. Bai gaya maka yadda ake gwajin ba, tsoratarwa kawai ya yi. Bidiyon likita na kirki zai faɗa maka dalla-dalla: ka kwanta ta gefe ka naɗe gwiwoyi, likita ya sa safar hannu da man santsi, ya taɓa furostet ta dubura. Shi furostet girmansa kamar goro ne, ana jin ko ya yi girma, ko ya yi tauri, ko ya fito da gudaji. Da wuya a kai minti ɗaya. Ba daɗi, amma yawanci ba zafi.

Inda suka fi rabuwa shi ne faɗin iyakar abu. Likitan gaskiya zai yarda cewa yatsa bayan furostet kaɗai yake kaiwa, shi ya sa ake haɗawa da gwajin jini na PSA. Zai kuma ce shi ma PSA ɗin yakan hau ko da babu cutar kansa, wato ciwon daji: kumburin tsufa, ciwon sanyin mafitsara, robar fitsari, har saduwa da iyali kwana ɗaya ko biyu kafin gwaji. Sai an ciri ɗan nama an duba sannan ake tabbatar da cutar kansa. Shi kuwa mai magani komai ya haɗa wuri guda, da yawan fitsarin dare, da fitsari da kyar, da raunin gaba, duk gari ɗaya ne maganinsu. Abin da ya fi damuna shi ne kansar furostet a farkonta galibi ba ta nuna alama, don haka "na sha na ji sauƙi" ba shaidar komai ba ce.

Kada yawan masu kallo ya ruɗe ka. A 2019 mujallar European Urology ta wallafa binciken da aka yi wa bidiyo 150 na YouTube kan kansar furostet. Kashi 77 cikin ɗari na ɗauke da bayani mai ɓatarwa ko son rai, a cikin bidiyon ko a sharhin da ke ƙarƙashinsa, kuma waɗanda ingancinsu ya fi rauni su suka fi jan jama'a. Wannan fa na Turanci ne.

Amma bidiyon likitan ma ba don kai aka yi shi ba. Zai ce a fara maganar gwaji a shekara 50, alhali Ƙungiyar Yaƙi da Kansa ta Amurka ta ce baƙar fata, da wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya kamu kafin shekara 65, su fara a 45. Zai ambaci hoton MRI kamar a bakin ƙofa yake. A Najeriya wannan ce kansar da ta fi yawa tsakanin maza, kuma da yawa sai ta yi nisa suke zuwa asibiti.

Don haka na likitan za ka kama, ka rubuta tambayoyinka daga ciki, ka kai wa likitan mafitsara. Akwai su a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika. Idan kuwa fitsari ya tsaya cak ko ka ga jini a ciki, ranar za ka tafi.