Mitsuoka Viewt: fuskar Jaguar, zuciyar Micra

Gaskiya duk wanda ya hango motar nan daga nesa zai rantse tsohuwar Jaguar Mark 2 ce ta 1959, fitilu zagaye, hanci dogo mai ƙyalli, bamba na ƙarfe, amma wallahi kana buɗe bonet Nissan March zaka tarar, wato dai Micra ɗin nan da ake tasi da ita a Ibadan. Na yi hayarta a Japan don in ji ya take, ga abin da na gani.

Kamfanin Mitsuoka ne, ɗan ƙarami a Toyama, Susumu Mitsuoka ya kafa shi a 1968. Da gyara da sayar da motoci suka fara, sai a 1982 suka fito da wata 'yar mitsitsiya mai injin 50cc, BUBU Shuttle, tana tafiya a kasuwa sai dokar lasin ta canza ciniki ya faɗi, shi ne fa suka koma ɗaukar motar wani kamfani su cire mata gaba da baya su ƙera mata jiki irin na da, da hannu. Viewt ta fito a 1993 kuma ita ce ta riƙe su. Ba wai basu iya tasu ba ne, Zero1 da suka yi ita ta sa a 1996 gwamnatin Japan ta amince da su a matsayin kamfanin ƙera mota na 10 a ƙasar, daga baya ma suka yi Orochi a 2006, wadda har yau ana musu kyau gareta ko muni (ni dai ban ga kyan ba).

To tuƙi fa? Wadda na samu mai injin 1.2 ce, silinda uku, giya otomatik. Bata gudu, kar ma ka sa rai, in ka taka totur a hawa sai ta yi ta kuka kafin ta ɗauka. Amma cikin gari lafiya lau, sitiyari ba nauyi, fakin ba wahala, mai kuwa kaɗan take sha. Kujerun fata, gaban direba an yi mai ado kamar katako, sai dai maɓallan AC da sauran tarkace duk na March ne, kana taɓawa zaka gane. Abin da ya fi burge ni but ɗin baya, March bata da irin wannan mai fitowa ta baya, su suka ƙera suka ɗora kuma ka duba layin haɗin da kyau baka ganin inda aka yi ɗori. Wurin zaman baya kuma matsattse ne, dogon mutum gwiwarsa na taɓa kujera.

A danja wani dattijo ya sauke gilashi yana ta murmushi yana ɗaga min babban yatsa, kuɗin da ka ƙara kan farashin March dama wannan kallon ka saya.

Masu tunanin shigo da ita gida, inji da giya ba matsala, kowane bakanike ya san Micra. Matsalar fitila da bamba da hancin, in ɗan adaidaita ya goge ka sai an yi oda daga Japan, ga sitiyarin a dama sai an juya. Nissan ta daina sayar da March a Japan a 2022, sabuwar Viewt Story ta 2023 kan Toyota Yaris aka ɗora ta, ita nake so in gwada nan gaba.