Genome Research da Genome Biology: Ina Ya Kamata Mai Bincike Ya Kai Aikinsa?

Masanin da ke binciken yadda ƙwayoyin gado suke aiki a cikin jiki yakan tsaya tsakanin mujallu biyu idan ya zo wallafa sakamakonsa. Genome Research ta fito ne daga maɗaba'ar Cold Spring Harbor ta Amurka, ta kuma ɗauki wannan suna a 1995, yayin da kamfanin BioMed Central ya kafa Genome Biology a 2000.

Wajen daraja kusan kafaɗa da kafaɗa suke, domin lokacin da shirin ENCODE, mai tantance sassan ƙwayoyin gadon ɗan adam da ke aiki, ya fitar da sakamakonsa a watan Satumba na 2012, mujallun biyu ne suka raba maƙalun tare da mujallar Nature. Manhajar GATK, wadda ake gano bambance-bambance a jerin ƙwayoyin gado da ita, ta bayyana a Genome Research a 2010, ita kuwa DESeq2, wadda ake auna bambancin aikin ƙwayoyin gado da ita, a Genome Biology ta fito a 2014.

Babban bambancin yana wajen wanda zai biya. Genome Biology tana buɗe kowace maƙala kyauta tun ranar fitowarta, amma marubuci ko cibiyarsa ne ke ɗaukar kuɗin wallafawa, wanda nauyi ne ga ƙaramin ɗakin bincike. Genome Research kuwa takan keɓe sababbin maƙalu ga masu biyan kuɗin rajista har wata shida, sai dai idan marubucin ya biya a buɗe tasa. A ganina wata shida jira ne mai tsawo a wannan fanni, musamman ga wanda ya ƙirƙiro manhajar da yake son a fara gwadawa nan take, shi ya sa na fi karkata ga Genome Biology a irin wannan aiki.