Kafin ka sayi littafin Alexandre Dumas: wanne za ka ɗauka, kuma wane bugu?

Fara da duba sunan da ke bangon littafin, domin Dumas biyu ne, uba da ɗa, kuma sunansu ɗaya. Idan ka ga an rubuta "fils" a ƙarshen sunan, to ɗan ne, wanda ya rubuta La Dame aux camélias a 1848, labarin soyayya mai sa kuka. Wanda yawancin mutane ke nema shi ne uban, wanda aka haifa a 1802 a garin Villers-Cotterêts na Faransa ya rasu a 1870. Da wasan kwaikwayo ya fara suna, lokacin da aka nuna Henri III et sa cour a Paris a 1829, sannan ya koma rubuta labarai da jaridu ke bugawa kashi-kashi. Daga baya ma ya buɗe tasa jaridar, Le Mousquetaire, a 1853.

Wannan alaƙa da jarida ita ce ta sa littattafansa suka yi kauri haka. Da layi ake biyansa, kuma dole kowane kashi ya tsaya inda mai karatu zai ƙagara ya sayi jaridar da za ta biyo baya. Ga shi mutum ne mai sakin hannu: ya gina katafaren gida a Port-Marly, bashi ya sa ya sayar da shi, a 1851 kuma ya tsere Brussels. Ba shi kaɗai yake aikin ba, Auguste Maquet ya taya shi tsara manyan labaran, kodayake ba kasafai za ka ga sunansa a bango ba.

Zaɓin da ke gabanka galibi tsakanin littattafai biyu ne. Les Trois Mousquetaires, wanda jaridar Le Siècle ta buga a 1844, babi 67 ne, yana da sauri, ga barkwanci ga faɗan takobi. Ya dace da wanda bai saba da dogon karatu ba. Sai dai ka sani cewa farkon tafiya ne: Vingt ans après na biye da shi, sannan Le Vicomte de Bragelonne. Masu bugawa da Turanci sukan yanka wannan na ukun gida-gida su sayar da yankin ƙarshe da sunan The Man in the Iron Mask. Wanda ya fara da shi kamar wanda ya shigo zaure ne ana gab da tashi daga hira, sunaye za su yi ta wucewa bai san mai su ba.

Ni dai in kuɗin littafi ɗaya gare ka, Le Comte de Monte-Cristo zan ce ka saya. Journal des Débats ce ta buga shi daga 1844 zuwa 1846. Edmond Dantès, matashin matuƙin jirgin ruwa, aka yi wa sharri aka kama shi ana shirin ɗaura masa aure, ya shekara 14 a kurkukun Château d'If da ke wani tsibiri kusa da gaɓar Marseille. A kan wannan littafin ne ya kamata mai saye ya buɗe ido. Cikakken littafin babi 117 ne, shafi fiye da 1,200 a yawancin bugu. Idan aka miƙo maka mai shafi 400 ko 500, an datse shi. Masu datsewa sukan bar zaman kurkuku da tserewa, su rage zaman Rum da na Paris, alhali a can ne Dantès ke ɗana tarkonsa a hankali, shekara da shekaru bayan maƙiyansa sun manta da shi. In an cire wannan haƙurin, ramuwar sai ta zo da araha. Buɗe jerin babi ka ƙirga kafin ka biya.

Mai karanta Faransanci, kamar 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Garwa, aikinsa ya yi sauƙi. Ya nemi bugun Folio ko Le Livre de Poche, kowanne juzu'i biyu, ya tabbata an ba shi duka biyun, kuma ya guji wanda aka rubuta wa "texte abrégé", wato wanda aka datse, sai in ɗan makaranta zai saya wa. Mai karanta Turanci kuwa sai ya duba sunan mai fassara. Bugu masu araha da ba su ambaci kowa ba yawanci tsohuwar fassarar 1846 ce, Turancinta ya tsufa, kuma an tace wuraren da Ingila ta wancan zamani ta ga ba su dace ba. Fassarar Robin Buss ta 1996 da Penguin ta buga ta fi tsada, amma cikakkiya ce kuma tana karantuwa. Tsohuwar fassarar tana nan kyauta a intanet a shafin Project Gutenberg, asalin Faransancin kuma a shafin Wikisource, don haka karanta babi biyar a waya ka gani ko zai shige ka.

Akwai kuma Georges na 1843, gajere ne kuma sai an nema. Labarin wani barbarar yanyawa ne a tsibirin Mauritius da wariyar da ya sha. Kakar Dumas ta wajen uba baiwa ce baƙar fata a ƙasar da yau ake kira Haiti, mahaifinsa kuma ya kai janar a sojan Faransa. In wannan ɓangaren rayuwarsa ne ya ja ka gare shi, sa mai kantin littattafai ya yi maka odarsa, ka riƙa karanta Monte-Cristo kafin ya iso.