Wace kamara zan saya in za ni bakin teku ɗaukar hoton daji?

Wani ƙanena nan Yamai ya samu tafiya Senegal, yankin Sine-Saloum, inda ake sake dasa itatuwan mangurob ɗin nan masu tsirowa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafu. Ya ce yaya wace kamara zan saya, na ce zauna tukuna, me za ka ɗauka?

Domin in aikinka shi ne nuna yadda dashe ke girma, wallahi wayarka ta isa. Tecno ko Samsung mai kyau, ka kunna GPS, ka tsaya wuri ɗaya ka ɗauka bana, baɗi a koma daidai wurin a sake, kuma a lokacin da ruwa ya janye don in teku ta cika 'yan tsiron duk nutsewa suke ba ka ganin komai. Ƙungiyar Oceanium ta Dakar ta dasa miliyoyin irin waɗannan itatuwa a Casamance da Saloum, kuma irin wannan hoton na kafin da bayan ne ke nuna wanda ya kama da wanda ya mutu. Sai dai ka sayi jakar roba mai hana ruwa shiga, ka rataya a wuya.

Tsuntsu ne waya ba ta iyawa. Kana cikin kwale-kwale, zalɓe na can nesa, kana jawo shi hoton ya watse. Nan ne Nikon P900 ke da daɗi, zum ɗinta, wato jawo abu na nesa kusa, sau 83 ne, gilashinta a haɗe yake ba a cirewa, wato ba ka buɗe cikinta balle ƙura ko laka ta samu hanyar shiga da sauƙi, ga mu nan da hazon hunturu ai wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma in ka dawo gida za ka tafi da ita Kure, nan kusa da Yamai, ka ɗauki raƙuman dawa ba sai ka matsa musu ba. Aibinta in rana ta faɗi ko cikin duhun itatuwa hoton kan yi dishi-dishi.

Canon 600D ko Nikon D5300 na hannu da gilashin 70-300 sun fi ta kyawun hoto nesa ba kusa ba, amma fa nauyi, ga canjin gilashi cikin kwale-kwale yana rawa. Ni tawa na taɓa kai ta Grand-Popo a Benin, sati biyu kawai, na dawo na jefa ta cikin jaka ban goge ba, bayan 'yan watanni na ɗaga gilashin ga hasken taga sai ga wani farin zare-zare kamar yanar gizo a ciki, danshi ya haifar da shi. Har yau abin na ci mini rai. Saboda haka in za ka sayi ta hannu ka haska gilashin da tocilan gaban mai sayarwa, ka tambayi hoto nawa ta ɗauka, ka gwada batir nan take.

Akwai kuma Olympus TG-6, tana shiga ruwa har mita 15, ta faɗa laka ka ɗauraye ta kawai, ga mai shiga taɓo har gwiwa tare da masu dashe babu kamarta, zum ne dai ba ta da shi sosai.

Ƙanen nawa P900 na ce ya nema, da batir biyu, da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu cikin kwalin takalmi, ya zuba cikin jakar.