Injin ban ruwa mai inci biyu: zai iya fitar da ruwan da ya kwanta a tsakar gida?

Injin da masu lambu ke girkawa a bakin kogi ko rijiyar fadama da rani, shi ne yanzu ake gani cikin unguwanni da damina ana zuƙe ruwan da ya kwanta a tsakar gida da zaure. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. An cike layi, an yi kwalta, titi ya ɗaga sama, gidajen da aka gina tun da can sun koma ƙasa da kwata. Rariyar da a da take fitar da ruwa, yanzu ta nan yake shigowa. Bokiti da tsintsiya ba sa cin wannan aiki, shi ya sa magidanta da yawa suke tambaya ko injin ya cancanci kuɗinsa.

Wanda za a duba a nan shi ne Honda WB20, mai baki inci biyu, da yayansa WB30 mai inci uku, sai kuma kwaikwayonsu na Sin da ake rubuta wa WP20 da WP30, waɗanda suka fi yawa a kasuwa. Hukuncin a taƙaice: inji ne mai kyau, mai juriya, kuma kowane makaniken janareta ya san cikinsa. Amma an ƙera shi ne don ruwa mai zurfi kuma mai tsabta, ruwan tsakar gida kuwa ba shi da zurfi, ga leda ga yashi. Wanda ya saya ya ajiye a ɗaki ba tare da ya shirya masa wurin zuƙa da wurin zubarwa ba, ranar da ruwa ya shigo zai yi ta jan igiya yana zargin inji, alhali injin lafiyarsa ƙalau.

Ƙarfinsa dai ya isa. Kamfanin ya ce WB20 na iya ba da kusan lita 600 a minti ɗaya, WB30 kuma kusan lita 1,100. Wannan adadi na lokacin da tiyo gajere ne kuma ruwan bai hau tudu ba. Da dogon tiyo da lanƙwasa, abin yana raguwa sosai. A yi lissafi da gida mai ƙafa 50 sau 50, wato kimanin murabba'in mita 232. Kowane milimita ɗaya na ruwan sama lita ɗaya ne a kan murabba'in mita, kuma duk abin da ya sauka a kan kwano ko soro, indararo zai juye shi a tsakar gida. Ruwan milimita 50, irin wanda ake iya tafkawa a dare ɗaya cikin Agusta, ya kai lita 11,600, kusan duro 58 mai cin lita 200. Ko da lita 400 kawai injin yake bayarwa a minti, cikin rabin awa ya kwashe shi. Tankinsa lita biyu ne na fetur, yana kai shi awa ɗaya da rabi ko fiye da haka kaɗan. Nauyinsa kilo ashirin da 'yan kai, mutum ɗaya na iya ɗagawa. Saboda haka ga gida ɗaya, mai inci biyu ya wadatar. Mai inci uku na masu layi ne idan sun haɗa kuɗi, domin a ƙaramin gida yakan shanye ruwan da ke bakin tiyo da sauri har ya riƙa zuƙar iska.

Zuƙar iskar nan ita ce babbar matsalarsa, kuma a nan ne shirin kafin damina yake da muhimmanci. Injin ba ya jan ruwa sai bakin tiyon zuƙa ya nutse gaba ɗaya. Da zarar ruwa ya ja baya ya kai idon sawu, matatar da ke bakin tiyon za ta leƙo waje, iska ta shiga, ruwa ya yanke. Sai a bar ka da ruwa mai zurfin yatsu huɗu shimfiɗe a duk gidan, wanda shi ne ke jiƙa gindin katanga. Maganinsa rami ne. Tun cikin Afrilu ko farkon Mayu, a nemi inda ya fi gangare a tsakar gida (idan ba a tabbata ba, a zuba bokiti biyu na ruwa a ga inda zai nufa), a haƙa rami mai faɗin santimita 60 kowane gefe da zurfin santimita 60 zuwa 70. A gina gefensa da bulo, ko a yanka durom na roba biyu, a huhhuda jikinsa, a binne, a zagaye da tsakuwa. A yi masa murfin ƙarfe mai raga wanda yaro ba zai iya ɗagawa ba. Kada a haƙa shi manne da katanga ko kusa da salga. A ba shi tazarar aƙalla mita ɗaya daga bango, salga kuma a nisance ta iya yadda fili ya bari. Duk ruwan gidan zai riƙa gangarowa cikin ramin, injin kuma ya samu zurfin da yake so har tsakar gida ta tsane. Aikin magini ne na yini ɗaya, kuma in babu shi, rabin amfanin injin ya tafi.

Sai datti. Ramukan matatar ba su wuce ƙwayar masara ba, ledar fiya wata guda ɗaya idan ta manne ta isa ta shaƙe shi. Wasu sukan cire matatar don ruwa ya fi gudu. Kuskure ne mai tsada: tsakuwa za ta shiga ta cije fankar ƙarfen da ke cikin tukunyar injin, wato ɓangaren da ruwa ke shiga ya fita, yashi kuma ya riƙa cin fankar da sil ɗin da ke hana ruwa ɗiga ta wajen sandar da ke juya fankar. Abin yi shi ne a saka matatar cikin kwandon roba ko tsohon bokiti da aka huhhuda, a ɗora shi a kan bulo ɗaya a cikin ramin don kada ya zauna a kan laka. Mutum ɗaya ya tsaya da manjagara yana janye leda. Akwai samfurin da aka yi musamman don ruwa mai datti, Honda na kiransa WT, yana haɗiye ƙananan duwatsu, amma ya fi tsada da nauyi, kuma gidan da aka share kwatarsa da tsakar gidansa kafin ruwa bai buƙatarsa.

Tiyo iri biyu ne, kuma masu shago ba kullum suke bayani ba. Na zuƙa dole ya zama mai tauri, mai zobe a jikinsa, domin mai laushi zai manne da zarar injin ya ja. Mita huɗu zuwa shida ya isa. Kowane ƙarin tsawo rage ƙarfi ne. Na fitarwa shi ne mai laushin nan da ake naɗewa, a auna tsawonsa daga ramin zuwa inda za a zubar, a ƙara mita biyu. A wajen haɗa tiyon zuƙa da inji akwai wosha ta roba da kilif. Idan woshar ta ɓata ko kilif bai ɗauru ba, iska za ta shiga ta nan, injin ya yi ta ruri ba ruwa. Galibin ƙorafin da ake kai wa makanike cewa inji ya ƙi ja, daga nan yake. A sayi wosha biyu ko uku na ajiya, a ɗaure su a jikin firam ɗin. Robar tiyub da masu lambu ke naɗawa tana taimakawa, amma a kan kilif za a ƙara ta, ba a madadinsa ba.

Tayar da shi ba wuya. A girke shi a wuri mai tudu da ruwa ba zai kai ba, a duba baƙin mai (yana cin kusan lita 0.6), a kwance murfin saman tukunyar a cika ta da ruwa mai tsabta har ya tumbatsa, a rufe da kyau. A buɗe fetur, a ja cok, a kunna, a ja igiya. Idan ya tashi a mayar da cok, a ƙara totur. Yakan ɗauki minti ɗaya zuwa biyu kafin ruwa ya fito. In ya wuce minti uku babu ruwa, a kashe a duba haɗin tiyo. Kada a taɓa tayar da shi tukunya a bushe ko da don gwaji ne, domin ruwan ne ke sanyaya sil, kuma cikin ɗan lokaci yake ƙonewa.

Inda za a zubar da ruwan tambaya ce da ya kamata a amsa tun kafin damina ta sauka. Idan kwatar ƙofar gida a cike take da yashi da shara, abin da injin ya fitar zai dawo ta rariya. Don haka yashe kwata, tun daga ƙofar gida har inda ta haɗu da babban lambatu, wajibi ne, kuma aikin gayya ne na duk masu layi. Yashin da aka fitar a kwashe shi da baro a ranar. In aka tara shi a bakin kwata, ruwan farko zai mayar da shi ciki. A tanadi buhunan yashi guda goma zuwa goma sha biyar, kowanne a cika shi rabi ko kashi biyu cikin uku don ya kwanta ya manne da ɗan'uwansa. Da su za a toshe rariya da dokin ƙofar zaure lokacin da ake zuƙa, a jera su a sarƙe irin jerin bulo, a shimfiɗa leda mai kauri ta ɓangaren da ruwa yake. Kuma don Allah kada a juya bakin tiyo gindin katangar maƙwabci, musamman in ta ƙasa ce. Lita ɗari huɗu a minti tana iya cinye gindin bango kafin a ankara.

Akwai haɗari biyu da ba a wasa da su. Na farko wuta: kafin kowa ya sa ƙafa a ruwan da ya shiga ɗaki, a kashe wutar gidan daga babban makunni, a kashe janareta da inbata. Na biyu hayaƙi. Hayaƙin injin fetur yana ɗauke da gubar da ba ta da wari, kuma tana kisa a rufaffen wuri. Saboda ruwa na zuba, sai mutum ya ga ya fi sauƙi ya shigar da injin zaure ko ɗaki. Kada a yi. A bar shi a fili ƙarƙashin rumfa mai buɗaɗɗen gefe, nesa da taga. Haka nan ba a zura shi cikin rijiya don ya kusanci ruwa, ba a kuma shiga rijiyar da injin ke aiki a bakinta. Iyakar zurfin da yake iya zuƙowa bai wuce mita bakwai zuwa takwas ba, a aikace ma daga mita biyar ƙarfinsa ya fara raguwa ƙwarai, don haka rijiya mai zurfi ba aikinsa ba ce. Sannan a san cewa wannan inji na ruwan sama ne da ya kwanta. Idan kogi ne ya yi ambaliya ko madatsa ta ɓalle, kamar yadda ta Alau ta yi wa Maiduguri a Satumban 2024, babu wurin zubarwa, abin yi kawai a fitar da iyali. Hasashen damina da hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa a farkon shekara da na ambaliya da hukumar nazarin ruwa ta Najeriya, NIHSA, ke fitarwa suna nuna wa mutum wane iri ne ya fi barazana ga yankinsa.

Bayan ruwa ya fita, injin ya gama nasa, saura na hannu. A kwashe laka da shebur tun tana ɗanya, domin in ta bushe sai da diga. A wanke daɓe da omo, sannan a bi da ruwan bilic: irin na kasuwa mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari, a zuba mililita 300 a bokitin lita 10, ba tare da an gauraya shi da wani sinadarin wanke banɗaki ba. Idan ruwa ya shiga rijiya ko salga ta tumbatsa, a ɗauka ruwan rijiyar ya gurɓace, a tafasa na sha har sai an yashe ta an sa mata kulorin. Ta nan amai da gudawa ke shiga gida. Salga da sokawe kuwa kada a yi gaggawar zuƙe su ƙasa tana jiƙe sharkaf, domin ruwan da ke cikin ƙasa yana matsa bangonsu, in aka kwashe na ciki lokaci ɗaya suna iya ruftawa. A kwashe ruwan da ya saura a ramin zuƙa saboda sauro.

Tsakanin na asali da kwaikwayo, bambancin kuɗi ya ninka, kuma ga gidan da zai tayar da inji sau 'yan kaɗan a damina, kwaikwayo mai kyau yana yin aikin. Kayan gyaransa, fulogi da kafireto da igiya da sil, suna ko'ina. Rauninsa a sil ne da sauran robobi da ke saurin tsufa, da kafireto mai saurin toshewa. Na asali ya fi tashi da wuri bayan dogon ajiya, kuma ya fi dacewa da wanda zai yi noman rani da shi ko ya ba da haya. Sitika ba shaida ba ce. Na asali yana da lamba da aka buga a jikin ƙarfen injin. Akwai kuma hanya ta uku: da damina injinan masu lambu da yawa a ajiye suke, ana iya yin magana da mai shi tun da wuri a kan haya, kai kuma ka mallaki tiyo da ramin.

Ko wanne aka zaɓa, ajiya ce ke kashe shi, ba aiki ba. Bayan kowane amfani a zuƙa masa ruwa mai tsabta na minti biyu daga duro, a kwance murfin ƙasan tukunya ruwan ya tsiyaye. A rufe fetur, a kwance ƙaramin sukurun ƙasan kafireto a zubar da wanda ya saura, domin fetur da ya yi wata biyu ko uku yakan yi danƙo ya toshe hanya. Baƙin mai na farko a canza shi bayan awa 20 na aiki, daga nan duk awa 100 ko wata shida. Daga Yuni zuwa Satumba a riƙa tayar da shi sau ɗaya a wata da ruwa a tukunya. Wanda zai saya ko zai karɓi haya, ya sa a gwada masa shi da duron ruwa a gabansa, ya leƙa ƙarƙashin inda tukunya ta haɗu da inji: in ruwa na ɗiga a nan, sil ya tafi, a canza shi kafin a biya kuɗi.