Otal ɗin bayan titin Istiklal: mun biya kuɗin shiru, an ba mu abin toshe kunne

A shafin otal ɗin an rubuta cewa yana cikin wani lungu mai natsuwa, taku kaɗan daga titin Istiklal na birnin Santanbul. Batun kusa gaskiya ne, kana iya fita ka sayo abu a bakin titi ka dawo shayinka bai huce ba. Batun natsuwa kuwa, wanda ya rubuta ko dai da hantsi ya zo ya leƙa ya tafi, ko kuma bai taɓa kwana a ginin ba.

Ni da yayana muka sauka. Kada wani ya ce ai duk wanda ya kama ɗaki a Beyolu, unguwar da titin yake, ya san abin da ya taka. Mun sani sarai. Unguwar dare ce, nan Santanbul take zuwa shaƙatawa idan rana ta faɗi, kuma don haka ɗin ma muka zaɓe ta, muna son mu riƙa fita da ƙafa ba sai mun nemi tasi ba. Shi ya sa na ƙara kuɗi na ɗauki ɗakin da suka ce yana ta baya, a hawa na ƙarshe, nesa da titi. Har saƙo na tura musu na ce Yaya mutum ne mai kwanciya da wuri, suka amsa da cewa kada na damu.

Da la'asar da muka shiga, ɗakin ba laifi. Na buɗe taga na ga rufin ginin da ke manne da namu, an jera kujeru an kifa su a kan tebura, ga wata kyanwa tana barci a kan ɗaya. Na ma ɗauki hotonta. Ashe wannan rufin mashaya ce. Lasifikarsu ɗaya a ɗaure take a jikin wani ƙarfe da in na miƙa hannu sosai ta taga sai na kusa taɓa ta.

Bayan isha'i suka fara a hankali. Kafin sha ɗaya abin ya zama wani abu daban. Ba ƙarar waƙar ce ta dame ni ba, wannan dukan na ƙasa ne da ke bin bango ya shigo ta ƙafar gado, kamar ana daka a tsakiyar kanka. Akwai kofin gilashi a teburin gefen gado da ƙaramin cokali a ciki, cokalin nan ya yi ta kaɗawa shi kaɗai, kofin kuma yana matsawa kaɗan kaɗan har sai da na sauke shi ƙasa don kada ya faɗo. Tagar ma gilashi ɗaya ce, irin ta tsofaffin gidajen unguwar, rufe ta da buɗe ta duk ɗaya. Yaya ya tashi zaune, ya jima yana kallona, sannan ya ce, “Kai, wannan ne ɗakin da ka ce ka ƙara wa kuɗi?” Na ce, “Wallahi Yaya shi ne, ga saƙonsu nan a wayata.” Ya ce in kai musu saƙon su karanta.

Na sauka. Saurayin da ke teburin karɓar baƙi ko gama bayani bai bari na yi ba, ya ja aljihun tebur. Cike yake dam da abin toshe kunne, irin na soso, kowanne a ledarsa. Ya ɗebo ya zuba min a hannu yana murmushi, ya ce nan yankin dandalin Taksim ne, haka dare yake. Wannan aljihun teburin shi ya fi ɓata min rai fiye da kiɗan. Mutanen da suka sayo wannan abu kwali guda suka ajiye sun san abin da ke faruwa a hawa na ƙarshe kowane dare, amma suka karɓi ƙarin kuɗina a kan ɗakin shiru, suka kuma ce kada na damu. Na nemi manaja, aka ce sai da safe. Na nemi wani ɗakin, aka ce duk a cike. Na zauna a kujerar zauren na buɗe manhajar Booking.com da na kama ɗakin da ita don in nemo wani otal ko da tsakar daren ne, sai ta ƙi nuna min komai a cikin ƙasar. Wata kotun Turkiyya ce tun 2017 ta hana wannan manhajar sayar da ɗakunan cikin gida ga wanda yake cikin ƙasar, daga waje kawai take aiki. Wanda zai zo ya riƙe wannan, ya tanadi wata hanyar tun kafin ya taso.

Kiɗa bai tsaya ba sai can gab da asuba. Yana tsayawa aka fara zuba kwalabe a kwandon shara a lungun ƙasa, daga nan motar kwasar shara, daga nan tsuntsayen teku suka karɓa a kan rufin. A wannan daren da an ba ni damar ba su sifili da na bayar.

Wanda ya sauko da ni wani dattijo ne da ke karɓar aiki da sassafe. Ba ya jin wani yare da nake ji sosai, ni ma ba na jin Turkanci, amma yana ganin idanunmu ya gane. Ya zaunar da Yaya, ya kawo masa shayi a ɗan siririn kofin nan nasu mai ƙugu, ya shiga kwamfuta ya yi ta dube-dube, kafin azahar ya mayar da mu hawa na biyu. Tagar sabon ɗakin bango take kallo, ko rana ba ta shiga, sai ka kunna fitila da tsakar rana. Amma shiru! Ginin da kansa ya tare mana kiɗan. Liftar otal ɗin ba ta ɗaukar fiye da mutum biyu da ƙaramar jaka, dattijon nan da kansa ya sauko da akwatin Yaya ta matakala duk da mun hana shi. Ya kuma ɗauko taswirar takarda ya zana mana da biro inda za mu bi da inda za mu kauce wa da dare. Sauran abubuwa kamar gado, ruwan zafi, intanet da karin kumallo, suna nan dai, babu abin yabo babu na zagi.

Da muka samu barci sai unguwar ta fara shiga raina, har na fara cewa ai otal ɗin ma ya ci tauraro huɗu saboda wurin da yake. Istiklal bai fi kilomita 1.4 ba daga dandalin Taksim zuwa tashar jirgin Tunel, motoci ba sa bi, sai wani jan tarago na tarihi da ke ratsa cikin jama'a yana buga ƙararrawa, yara na maƙale a bayansa. Da dare ba ka tafiya yadda kake so, taron ne ke tafiya da kai. Kowace kusurwa da masu kiɗanta, ga masu sayar da askirim suna wasa da hankalin mai saye, su miƙa su janye har sai ya gaji da dariya. Mun leƙa Cicek Pasaji, wani rufaffen layi mai ado da aka gina a 1876, muka ɓulla ta kasuwar kifi zuwa Nevizade, inda tebura suka cinye hanya kusan gaba ɗaya. Mu ba ma sha, wucewa kawai muka yi, amma ya cancanci a gani sau ɗaya. Masu kiran kwastoma suna da naci, sai dai in ka girgiza kai ka ci gaba ba sa bin ka.

Waɗanda za a kiyaya su ne masu zuwa da fara'a su kaɗai, su tambaye ka ashana ko su ce kai ɗan ina ne, hira ta yi daɗi su ce akwai wani wuri mai kyau nan kusa, zo mu sha wani abu. Tsohuwar dabara ce a wannan titin, ƙarshenta takardar kuɗi ce da ba za ka iya biya ba da ƙarti a bakin ƙofa. Dattijon ya riga ya yi mana kashedi da hannu da ido, don haka da wani ya tare mu kusa da makarantar Galatasaray, Yaya ya ce masa mun gode, muka wuce.

Abin da Yaya ya fi so shi ne Tunel, kuma na fahimce shi, gwiwarsa ba ta son tudu. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ne da aka buɗe a 1875, na Landan kaɗai ya girme shi a duniya. Tasha biyu ce kacal, tsawonsa mita 573, yana ɗauke ka daga Karakoy a bakin ruwa ya haye da kai tudun da ya kai mita 60 cikin minti ɗaya da rabi. Wanda ya taɓa hawa wannan tudun da ƙafa ta wajen hasumiyar Galata zai san darajarsa. Katin Istanbulkart guda ɗaya yana shigar da kai Tunel da tarago da jirgin ƙarƙashin ƙasa da jirgin ruwa, a saye shi tun ranar farko. Ita hasumiyar, mutanen Jenowa ne suka gina ta a 1348, daga samanta ana ganin mashigin Halic da tsohon gari da ɓangaren Asiya. Layi ne matsalarta, da yamma yana zagaye gindinta, a je da safe. Kusa da bakin Tunel na sama akwai zawiyar Maulawiyya ta Galata da aka kafa a 1491, yanzu gidan tarihi ce, kana shiga farfajiyarta hayaniyar titi ta yanke, sai kaburbura da kyanwoyi.

A Karakoy muka yi la'asar a masallacin Yeralti, wanda yake ƙarƙashin ƙasa, rufinsa a ƙasa-ƙasa, ginshiƙai masu kauri jere a duhu. Daga nan muka hau jirgin ruwa zuwa Kadikoy a ɓangaren Asiya, kamar minti ashirin, kuɗin kuma na motar haya ne kawai. Ni a wurina wannan tsallakawar da magariba ta fi duk wani saman bene da ake tallatawa a unguwar, kuma ba wanda zai hana wani barci saboda ita. Asuba kuwa Yaya ya fi zuwa ƙaramin masallacin Husaini Aga da ke kan Istiklal ɗin kansa, ko da yake akwai babban masallacin Taksim da aka buɗe a 2021. Na raka shi wata rana, muna tafiya ana wanke titi da mesa, masu dawowa daga rawa riƙe da takalmansu a hannu suna ba masu zuwa salla hanya, ba mai kallon wani.

To da haka na shirya rubuta musu yabo. Sai ranar tafiya manajan rana, wanda ban taɓa sa shi a ido ba duk zamanmu, ya miƙo min takarda. Harajin masauki na kashi 2 cikin ɗari na san da shi, doka ce da aka fara aiki da ita a farkon 2023, ban ce komai ba. Amma a ƙasansa ga wani ƙari, wai bambancin kuɗin ɗaki, saboda wanda aka mayar da mu ya fi na farko faɗi. Ɗakin da ba ya ganin rana! Ƙarin da na biya tun farko na ɗakin shiru kuma ko maganarsa babu. Na nuna masa saƙonsu, ya karanta ya ce ai ɗakin yana ta baya kamar yadda aka faɗa, su ba su da iko da maƙwabta. Na ce to aljihun teburin can fa, na maƙwabta ne? Yaya ya dafa ni ya ce, “Bari, jirgi ba ya jiran rigima.” Bayan ja-in-ja ya cire rabin ƙarin yana yi kamar kyauta ya ba ni. Dattijon yana tsaye a gefe da akwatinmu, kansa a ƙasa. Nan take duk ɓacin ran daren farko ya dawo min sabo, har cokalin nan na ji yana kaɗawa a kunnena.

Don haka tauraro biyu na ba su, ɗaya na wurin da ginin yake, ɗaya na dattijon, kuma da da hali da nasa a hannu zan ba shi kada ya bi ta wajen manaja.

Wanda ya nace sai Beyolu, kada ya tsaya a kan tambayar ɗakin gaba ko na baya. A wannan unguwar kiɗan a sama yake, hawa na ƙarshe da ake sayarwa da tsada saboda kallon gari shi ne ya fi kusa da lasifika. Ya buɗe taswira ya duba ginin da ke manne da otal ɗin ta kowane gefe, ya sa su aiko masa hoton abin da tagar ke kallo, ya tambaya ko gilashin tagar biyu ne, ya kuma karanta sharhin waɗanda suka kwana Juma'a da Asabar, ba na tsakiyar mako ba. Lungunan unguwar Asmali Masjid da kewayen Nevizade na masu kwana a farke ne. Gangaren Jihangir da Gumushsuyu sun fi sauƙi, tafiyar 'yan mintuna ce zuwa Taksim, sai dai akwai tudu da matakala, mai babban akwati ya tambayi ko tasi na iya kaiwa bakin ƙofa. In kuma an canza maka ɗaki, ka sa a rubuta maka a takarda cewa babu ƙarin kuɗi kafin ka ɗauki makulli. Kuɗin ajiyar da suka riƙe a katina har yau ina jiran su sake shi, na tura saƙo sun ce kada na damu.