Benayen New York masu kama da karan dawa: aikin da ake yi kafin a haƙa fandisho

Ga 'yan uwa masu harkar gini a Kano, musamman mutanen Ƙofar Ruwa, sallama da fatan alheri.

A titi na 57 da ke Manhattan a birnin New York, daf da lambun Central Park, akwai sirarran benaye da attajirai ke saye hawa-hawa. Mai lamba 111 tsayinsa mita 435 ne, faɗinsa kuwa bai wuce mita 18 ba, wato kowace mita ta faɗi tana ɗauke da mita 24 na tsayi. Kusa da shi ga 432 Park Avenue da aka kammala a 2015, mita 426.

Kuɗi masu yawa suna tafiya tun siminti bai iso fili ba. Farko sayen sararin sama ake yi. Dokar birnin ta yanke wa kowane fili iyakar ginin da zai ɗauka, kuma maƙwabcin da bai cinye kasonsa ba yana iya sayar da saura. Mai gini yakan shafe shekaru yana bin maƙwabta, ya tara abin da ya saya a kan ɗan filinsa. A gida kuwa sai ka ga an ɗora hawa biyu a kan fandishon gidan ƙasa, ba a ko nemi izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, ba.

Daga nan sai a huda ƙasa kamar mai haƙa burtsatse, a zaro dutse a gwada. Sa'ar Manhattan, dutsen ƙarƙashin ƙasa yana kusa. Amma siririn gini matsalarsa ba nutsewa kaɗai ba ce: iska na neman ɗaga gefe ɗaya, don haka ake kafa ƙarafa cikin dutsen, a ɗaure ginin kamar dabba a turke.

Iskar nan ita ce babbar abokiyar gaba. Ana ƙera ɗan ƙaramin samfurin ginin da unguwarsa, a busa masa iska a ɗakin gwaji. A 432 an bar wasu hawa fayau babu taga bayan kowane hawa 12, iska ta ratsa ta wuce. A ƙolin 111 an rataye ƙarfe mai nauyin tan 800. Gini ya karkata gabas, shi ya ja yamma, don kada jiri ya ɗebi mazauna.

Kankare shi ne inda bambancinmu ya fi ciwo. Na ginshiƙan 432 ƙarfinsa ya haura MPa 90 (MPa shi ne ma'aunin ƙarfin kankare), namu na dakin, wato rufin kankare, 20 zuwa 25 ne, shi ma in an bi awo. A can mota ke kawo shi daga kamfani da takardar haɗinsa, a gwada kaurinsa a bakin fili, wanda bai ci ba a mayar. Ana ɗibar samfur a murƙushe bayan kwana 7 da kwana 28 da zubawa. Babu leburan da zai ƙara ruwa don shebur ya yi sauƙi, domin ruwan nan shi ke cinye ƙarfin kwaɓi. Rodi ma kowane ɗauri da shaidar masana'anta. Ku da ke sayen rodi mai kaurin milimita 12 da 16, ku riƙa sa ma'auni a kai, kada ku tsaya ga kalmar baki.

Su ma aikinsu yakan ba da matsala. Kankare na tsukewa a hankali ƙarƙashin nauyi; in ba a lissafa ba, bututun ruwa ya tsage, ƙofa ta ƙi rufuwa. Lifta kan tsaya ranar iska saboda igiyoyinta na kaɗawa. A Oktoban 2012 guguwar Sandy ta karya hannun ƙugiyar ɗaga kaya a ginin One57, ya yi kwanaki yana lilo, sai da aka kwashe mutanen unguwar.

Kano ba ta da ƙuncin filin da zai sa a yi hawa 80. Amma bene mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe mutum fiye da 40, kuma ga plaza-plaza na ta tashi a Kwari da Sabon Gari. Duk mai shirin hawa uku zuwa sama, ya gwada ƙasa kafin zane, ya ajiye samfurin kankare na kowane zubi, kuma kada ya cire katakon dakin sai injiniya ya ga sakamako.